Amfani da Awon Haske Wajen Gane Madarar da Ta Ji Wuta: Misalin Ƙasar Ɗandume

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Ɗandume, ko kuwa wadda ta bi ta Bakori ta faɗa Malumfashi, ya saba ganin matan Fulani da hantsi, ɗauke da ƙore an rufe da faifai, suna sauri su riski kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba. An fi sanin wannan ƙasa da masara da auduga, kasuwar hatsi ta Ɗandume kuwa tana cikin manyan kasuwannin hatsi na arewacin Nijeriya. Amma inda aka yi noma can shanu ke sauka bayan girbi, domin kara da karmami da harawa, saboda haka madara da nono ba baƙi ba ne a gidajen manoman nan.

Tambayar da za mu duba a wannan takarda gajeriya ce: madarar da ke cikin ƙwaryar nan, ta ji wuta ko ba ta ji ba? In ta ji, ta ji yadda ya kamata? Mai saye ba shi da wata hujja sai maganar mai sayarwa da kuma ɗanɗanon harshensa. Za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda ake amsa wannan tambaya ta hanyar fannin da masana kimiyya ke kira sifektoroskofi, wanda mu a nan za mu riƙa kiransa awon haske. Sa'an nan mu duba abin da zai karɓu daga cikinsa a ƙasa irin tamu, da abin da ba zai karɓu ba.

Dalilin damuwa da wuta

Madara takan fito daga hantsar saniya da ƙwayoyin cuta idan saniyar ba ta da lafiya, ko da kuwa a ido garau take. Biyu daga cikin cututtukan nan sanannu ne ga likitocin dabbobi na Vom da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta farko ita ce bakkale, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, wadda idan ta kama mutum takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana komowa, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba a ga sauƙi ba. Ta biyu ita ce tarin fuka irin na shanu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tsamin nono ya isa ya kashe kome. Lalle tsami yana rage ƙwayoyin cuta, amma bincike ya nuna waɗannan biyun suna iya yin kwanaki a cikin madara mai tsami ba su mutu ba. Wuta ce abin dogara.

A masana'antu akwai matakai sanannu. Ana dumama madara zuwa digiri 63 a ma'aunin Salsiyos har minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, wannan shi ne dumamawar da aka raɗa wa sunan Louis Pasteur na Faransa. Akwai kuma mai tsanani, digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙu, wadda ake yi wa madarar kwali mai daɗewa ba firiji. A ruga kuwa mataki ɗaya ne: a ɗora tukunya a murhu har madara ta taso. Da yake ƙasar Funtuwa tudu ce, tafasar takan zo a wajen digiri 98, kuma wannan ya zarce abin da ake bukata nesa ba kusa ba. Haka ake yi wa madarar kindirmo a bisa al'ada, a bar ta ta huce, a zuba ɗan tsohon kindirmo na jiya, ta kwana. Nono kuwa, wanda aka cire wa man shanu, sau da yawa ɗanyar madara ce aka bari ta yi tsami da kanta. Itace kuma yana da tsada, aiki yana da yawa, saboda haka ba kowace madarar da aka ce an dafa ba ce ta tafasa.

Abin da wuta ke bari a cikin madara

Kafin mu zo ga haske, wajibi ne mu san sawun da muke bi. Kimanin kashi 87 cikin 100 na madarar shanu ruwa ne. Sauran shi ne maiƙo, da sukarin madara, da furotin, da gishiri iri-iri. Furotin ɗin kashi biyu ne: kimanin kashi 80 cikin 100 kasin ne, watau wanda ke dunƙulewa idan madara ta yi tsami, sauran kashi 20 kuwa furotin ɗin tsararo ne, wanda ke zama narke a cikin ruwan da ya ware.

Wuta tana barin alamu iri uku, kuma kowace tana da matakin zafin da take bayyana. Da farko tana kashe waɗansu sinadarai masu aiki da ake kira inzam. Sa'an nan, daga wajen digiri 70 zuwa sama, furotin ɗin tsararo yakan warware daga naɗinsa, kamar yadda farin ƙwai ke sauya kama a cikin ruwan zafi, ya manne wa kasin. Wannan mannewa ce ke sa kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara ya fi kauri ya kuma fi riƙe ruwansa. Matan ruga sun san haka tun kafin a san sunan furotin. Daga ita kuma ƙamshin nan na dafaffiyar madara ke fitowa. Alama ta uku ita ce haɗuwar sukari da furotin, wadda Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ita ce ke sa madarar da ta daɗe a wuta ta yi ja-ja, kamar yadda bayan burodi ke yi. Abin lura shi ne, waɗannan canje-canje galibi ba su komawa baya idan madara ta huce. Ke nan madara tana ɗauke da tarihin wutar da ta sha, abin da ya rage shi ne a sami mai karanta shi.

Yadda haske ke karantawa

A 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, ana kuwa auna shi da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon mutum yana gani daga wajen 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. A 1800 William Herschel ya sa ma'aunin zafi a gefen jan, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya hau. Ta haka aka gane akwai hasken bayan ja. Haka kuma akwai hasken gaba da shunayya, mai gajeren zango.

Tushen fannin shi ne cewa kowane sinadari yana da zangon hasken da yake shanyewa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon shanyewar. Idan aka aika haske sananne ta cikin ruwa aka auna abin da ya fito ta ɗaya gefen, abin da ya ɓace shi zai faɗi abin da ke ciki. Waɗansu sinadarai kuma, bayan sun shanye haske, sukan mayar da wani mai zango mafi tsawo. George Stokes ya bayyana wannan a 1852, mu kuwa za mu kira shi ƙyalli. Awon ƙyalli ya fi na shanyewa kaifi ƙwarai, domin ana neman ɗan haske ne a cikin duhu, ba ɗan ragi a cikin haske mai yawa ba. Wahalar madara ita ce farinta. Ƙwayoyin maiƙo da na kasin suna watsa haske ko'ina, ba ya ratsawa kai tsaye, don haka sai dai ko a tace ta, ko a auna hasken da ya dawo daga fuskarta.

Hanyar inzam

Wannan ita ce mafi tsufa, ita ce kuma har yanzu hukumomi suka fi amincewa da ita. A cikin ɗanyar madara akwai inzam mai suna fosfatas, wanda juriyarsa ga zafi ta ɗara ta ƙwayar tarin fuka kaɗan. In ya mutu, to, ita ma ta mutu. Kay da Graham na Ingila ne suka kafa gwaji a kan wannan a 1935. A 1949 Aschaffenburg da Mullen suka sauƙaƙa shi: ana zuba wa madara wani sinadari marar launi, in fosfatas yana raye sai ya tsinka shi, launin rawaya ya fito, a auna ƙarfin rawayar a wajen nanomita 405, ko a gwada ta da launukan da aka riga aka tanada a jikin gilashi. Wannan gwaji yana iya tona ɗanyar madara kimanin kashi 1 cikin 1000, watau ƙaramin cokali ɗaya a cikin lita 5. Daga wajen 1990 aka koma ga sinadarin da ke ba da ƙyalli maimakon rawaya, aikin sa'o'i biyu ya koma na 'yan mintoci, kaifin kuma ya ninka. Da shi Tarayyar Turai ke aiki, iyakarta kuwa miliyunit 350 a kowace lita.

Akwai inzam na biyu, laktoferoksidas, wanda ba ya mutuwa sai zafi ya kai wajen digiri 80. Vilhelm Storch na Denmak ya fito da gwajinsa a 1898, lokacin da ƙasar ta wajabta dafa madarar da ake mayarwa gonaki domin maruƙa, don hana tarin fuka yaɗuwa. Idan aka haɗa gwaje-gwajen biyu sai a sami matakai uku: duka suna raye, madara ɗanya ce, fosfatas ya mutu ɗayan yana nan, an dumama daidai, duka sun mutu, an wuce digiri 80. Madarar da ta tafasa a murhu ya kamata ta faɗa mataki na uku.

Hanyar ƙyallin furotin

Inzam yana cewa i ko a'a ne kawai. Ba ya bambanta madarar da ta taso sau ɗaya da wadda ta yi rabin sa'a tana ɓararraka, ko garin madara da aka dama. A nan ne hanyar da Birlouez-Aragon da abokan aikinta suka wallafa a 1998, wadda ake kira FAST, take da amfani, kuma ita ce muke so mu ɗan daɗe a kanta.

Ana ɗiban madara kaɗan, a zuba mata ruwan tsami da aka daidaita har ta kai 4.6 a ma'aunin tsami. A wannan mataki kasin yakan dunƙule ya kwanta, ya tafi da duk furotin ɗin tsararo da wuta ta warware. Wanda wuta ba ta taɓa ba shi ke saura a cikin ruwan. Sai a tace. A jikin furotin akwai wani ɓangare mai suna tiriftofan, wanda in aka haska shi da haske mai zangon 290 yakan mayar da ƙyalli a 340. Ɗanyar madara za ta ba da ƙyalli mai ƙarfi a nan, domin furotin ɗinta yana nan cikin ruwan, dafaffiya kuwa za ta ba da kaɗan. Sa'an nan a sake haska ruwan nan dai da zangon wajen 350, a auna a wajen 440. Wannan ƙyalli na biyu na abubuwan da haɗuwar sukari da furotin ta haifar ne, shi kuma ƙaruwa yake yi da yawan wuta. Ɗaya yana sauka, ɗaya yana hawa. Idan aka raba na biyu da na farko sai a sami lamba guda, wadda take ƙarama ga ɗanyar madara, ta ɗan ɗaga ga dumamammiya, ta yi tsalle ga wadda aka tafasa ko aka busar.

Hikimar ba sabuwa ba ce ɗungum. Tun 1947 Harland da Ashworth suka auna ragowar furotin ɗin tsararo ta hanyar gurɓacewar ruwa, kuma da ma'auninsu ake rarraba garin madara a cinikin duniya: mai ƙaramar wuta yana da miligiram 6 ko fiye na naitirojin ɗin wannan furotin a kowane giram, mai babbar wuta kuwa 1.5 ko ƙasa. Abin da ƙyalli ya ƙara shi ne sauri da kaifi.

A 1997 Dufour da Riaublanc suka nuna cewa ana iya barin tacewar ma baki ɗaya, a haska fuskar madarar a karkace, a auna ƙyallin da ya dawo, a rarrabe ɗanya da dafaffiya. Haka nan ana gwada hasken bayan ja, wanda Goulden ya fara amfani da shi a Ingila a shekarun 1960 wajen auna maiƙo da furotin da sukarin madara. Sai dai a waɗannan hanyoyi bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa a zanen da na'ura ta fitar. Dole sai an koya wa kwamfuta da samfura masu yawa waɗanda aka san tarihinsu, sa'an nan ta iya hukunta sabon samfur. A ganinmu hasken bayan ja ya fi ƙwari wajen gane ƙarin ruwa da rage maiƙo, wajen gane wuta kuwa ƙyalli ya fi shi.

Idan an zo Ɗandume

Kusan duk ma'aunan da muka ambata an kafa su ne a kan madarar shanun Turai, wadda aka tara daga garke-garke masu yawa a tanki guda, aka sanyaya tun daga wurin tatsa. Ƙwaryar da ta fito daga ruga daban take. Madarar 'yan shanu kaɗan ce, yawanci bunaji ko rahaji, masu maiƙo fiye da na Turai. Da damina suna cin ɗanyar ciyawa, da rani kuwa kara da dusa, abin da ke cikin madarar kuma yana sauyawa tare da abincin. In akwai saniyar da ba ta daɗe da haihuwa ba, dakashinta cike yake da furotin ɗin tsararo, in akwai mai ciwon hantsa ita ma lissafi ya canja. A babban tanki waɗannan bambance-bambance suna narkewa cikin juna, a ƙwarya ɗaya kuwa fitowa suke yi fili. Rana ma tana da nata: ƙyallin ribofilabin, wani bitamin da waɗansu masu bincike ke aunawa a wajen 520, raguwa yake idan madara ta sha hasken rana, ko da ba ta ga murhu ba.

Babbar matsalar ita ce tsami. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu nono ne da kindirmo, madara zalla kaɗan ce. A cikinsu kasin ya riga ya dunƙule, ƙwayoyin da suka kawo tsamin sun fara gutsuttsura furotin, gutsattsarin nan kuwa suna zama cikin ruwan tacewa ɗauke da tiriftofan, su ba da ƙyalli kamar na ɗanyar madara. Fosfatas shi ma tsami yana raunana shi, ta yadda nonon da bai taɓa jin wuta ba zai iya fitowa kamar dafaffe. Kuskuren farko zai zalunci mai sayarwa, na biyu zai yaudari mai saye. Ga kuma abubuwan da akan ƙara da rani idan tatsa ta ragu: ruwa, ko garin 'ya'yan kuka, ko garin madara na shago da aka dama aka kwantar. Na ƙarshen nan awon ƙyalli yana iya tona shi, domin garin madara ya sha wuta sau biyu, wajen dumamawa da wajen busarwa, sa'an nan haɗuwar sukari da furotin ba ta tsayawa a cikin buhu, balle a zafin shagunanmu. Amma sai an san iyakar lambar da tafasar murhu ke bayarwa kafin a ce wannan ta wuce ta.

Akwai kuma dabarar gauraya. Mace ta dafa tatsar yamma, da safe ta ƙara ɗanya a kai don ƙwarya ta cika. Awon ƙyallin furotin zai ba da lamba tsaka-tsaki, wadda za a iya fassara ta da cewa an dafa amma ba sosai ba. Gwajin inzam kaɗai ne zai ce akwai ɗanya a ciki. Saboda haka ba mu ga hanyar da za ta wadatar ita kaɗai ba. A wurin tara madara, inda ake karɓarta da safe tun ba ta juya ba, gwajin inzam ya kamata ya zo farko, ƙyallin furotin ya biyo baya idan ana zargin garin madara.

Ya kamata kuma mu faɗi abin da haske ba ya shaida. Shaidar cewa madara ta tafasa ba shaidar tsabtarta ba ce a lokacin sha, domin ƙwarya da ludayi da hannu da ruwan damu duk suna iya mayar da abin da wuta ta kora. Sa'an nan akwai dafin da wuta ba ta kashewa. Masara da angurya da gyaɗa idan suka yi fumfuna sukan haifar da afulatoksin, saniyar da ta ci dusarsu kuwa takan fitar da wani nau'insa a madara, wanda ke jure tafasa. A ƙasar masara da auduga irin wannan, ba abin rainawa ba ne. Shi ma yana ƙyalli, amma ƙanƙantarsa a madara ta sa sai an ware shi da wata hanya dabam kafin a auna.

Game da kayan aiki, abin ya yi sauƙi fiye da da. Ƙananan fitilu masu fitar da zango guda sun maye gurbin manyan fitilu masu cin wuta, har an sami na'urorin da batir ko farantin hasken rana zai iya ɗauka. Ƙurar hunturu da zafin bazara dai suna nan, sinadaran gwajin fosfatas kuma suna son sanyi. Abin da ya fi na'ura wuyar samu shi ne samfuran koyarwa. Ana bukatar a bi rugage a damina da kaka da rani, a karɓi madara a gaban mai tatsa, a raba ta, a dumama wani kaso a matakai sanannu, a tafasa wani a murhu kamar yadda matan ke yi, a kwantar da wani ya zama nono da kindirmo, a auna kowanne a sa'o'i dabam-dabam. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, wadda ta faro a matsayin gonar dabbobi a 1928, tana kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tana da garke da ɗakunan bincike. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024, su ne za su bukaci sakamakon. Ba mu manta ba cewa satar shanu da rashin tsaro da suka addabi Ɗandume da Sabuwa da Faskari tun daga shekarun 2010 sun tashi rugage da yawa, sun kuma sa shiga waɗansu wurare ya yi wuya. Wannan zai tilasta a fara da rugagen da ke kusa da manyan hanyoyi, a kuma rubuta a fili cewa ma'aunin nasu ne, kada a ɗora shi a kan na nesa.

Kafin a kammala wannan aiki, muna ganin bai halatta a hana wata mace sayar da nononta ba don na'urar da aka koyar da madarar Holan ta nuna wata lamba. Ƙwarya ɗaya ita ce cefanen gida na yini guda, in kuwa aka zubar da ita a gaban jama'a bisa kuskure, gobe ba mai sake kawo madararsa wurin awo, sai a koma sayarwa a bayan kasuwa inda ba mai dubawa. Shawararmu ga abokan aiki na sashen kimiyyar abinci da na likitancin dabbobi ita ce a fara da madarar safe wadda ba ta juya ba, daga bunaji, a damina ɗaya da rani ɗaya, a kuma ajiye rabin kowane samfur a yi masa gwajin fosfatas domin a sami abin gwada sakamakon ƙyalli da shi.